Fuskar Inna Kande a Cikin Gem

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi, tsofaffin masu bina da waɗanda yau suka faɗo. Na ga saƙonninku. Wata ta ce in daina ja muku rai, wata kuma ta ce ko Anwar ne ya sace ni da aka ji ni shiru har sati biyu. Babu wanda ya sace ni, ina nan Daura a gidan kakata. Hannuna ne ya ƙi rubutu, domin abin da zan ba ku yau ban fito da kyau a cikinsa ba. Ku karanta, in kun gama ku zage ni, na yarda.

Ga sababbin zuwa, sunana Murjanatu, shekarata ashirin da uku. Tun daga yaye aka kawo ni wurin Inna Kande, wadda ta haifi Ummata, ita kuwa Umma tana gidan aurenta a Mashi. Inna ungozoma ce. Rabin unguwarmu a hannunta suka faɗo duniya, kuma ko yanzu da mata ke haihuwa a asibiti, da an sallamo su ita ake kira ta gasa cibiya, ta yi wa jariri wanka, ta tsaya a kan ruwan jego. Doguwa ce baƙa, da tsagar gado a kumatunta biyu irin wadda aka daina yi, da haƙoran da goro ya rina. Ba ta iya ganin jariri ba ta ɗaga shi sama ta ce sai ta cinye shi ba.

Anwar kuma shi ne mutumin, wanda na cika muku kunne da ƙamshin turarensa. Ɗan garin nan ne, daga ɗakinsa yake wa wani kamfanin Turawa aikin zanen gem, wato wasannin nan da samari ke bugawa a kwamfuta da talabijin. In ya zo zance, daga "ya gida" sai mu faɗa cikin gem, ni kuwa in tallafe haɓa ina kallon bakinsa, rabin maganar ma ba na ji.

Wata rana ya ce, "Murja, shekara goma sha biyar ina buga gem. Ban taɓa ganin mai kama da ni a ciki ba sai wanda ake harbi. Mace kuwa, ko cikin ƙanƙara za ta shiga yaƙi, kayan jikinta gaba ɗaya ba su kai ɗankwalinki ba."

Na ce, "To kai da kake zana su fa?"

"Shi ne nake so in gyara. Sun ce sabon gem ɗinsu suna son kowane irin mutum ya ga kansa a ciki. Na ce musu zan kawo tsohuwa Bahaushiya mai hikima, wadda jarumi zai je wurinta ta warkar da shi. Kuma na san inda zan samo ta."

Wallahi a lokacin ji na yi kamar in yi guɗa. Bara waccan ke nan, da damina. Muka bari sai ranar da Kawu Sha'aban, ƙanen Umma wanda ke riƙe da gidan, ya tafi kasuwar Mai'adua da matarsa. Inna ta ci ado da leshinta ruwan toka, ta yafa farin mayafi, ta zizara kwalli, ta hakimce a bakin gado. Anwar ya kafa wata fitila zagayayya, yana kewaya ta da waya yana ɗauka ta kowane gefe. Kun san wasan kaka da saurayin jika, angona take ce masa.

"Angona, wannan zagaye haka, ko sa za ka saya?"

"Amarya, ɗan juyo hagu. Yi dariya. Yanzu ɓata rai."

"Ai tun da ka bar ni ka bi wannan mai ƙafar sauron raina a ɓace yake."

Da ya gama da ita sai ya dube ni. Ya ce suna neman fuskar budurwa ma, wadda za ta raka jarumi. Ya ce kwamfuta sai ta ga siffar kai, don haka ɗankwali sai ya sauka. Na dubi Inna, Inna ta kau da kai tana gyara gefen mayafi, ni kuwa na zare ɗankwalina a gaban namijin da ko rana ba a sa mana ba. Bayan nan ya fito da takarda mai shafi goma sha biyu da Turanci. Na karanta shafin farko na sa hannu. Ni da kaina na kama babban yatsan Inna na shafe shi da tawadar biro na danna a kan layin.

Muryarta ma ni na ɗauka. Sati guda ina bin ta gidajen jego da waya a cikin hijabi, ba ta sani ba, su ma ba su sani ba, wai don maganar ta fito yadda take. Har gidan Haulatu maƙwabciyarmu, katanga ɗaya ce tsakaninmu, lokacin ta haifi 'yarta Ummi da kwana huɗu.

Daga nan shiru, har na manta. Sai watan jiya, ranar wata Talata bayan la'asar, ina goge atamfata mai ruwan ganye saƙonsa ya shigo.

"Ki fito zaure."

Na rubuta, "Yau babu sallama, ranka ya daɗe?"

"Ki fito. Kada Inna ta biyo ki."

Na same shi zaune a ƙasa, ba a kan tabarmar da nake shimfiɗa masa ba. Mutumin da ko kanti za shi sai ya kafa hula, ran nan kansa a buɗe, rigarsa duk ta yamutse. Ya buɗe kwamfutarsa ya juyo da ita wajena.

Wani gari ne mai ganuwar ƙasa, babu kowa a cikinsa. Jarumin, wani fari mai takobi, yana tafiya a cikin lungu, ba a jin komai sai takunsa. Ya isa wata bukka da hayaƙi ke fita ta ƙofarta. Sai na ji kukan jariri can ƙasa-ƙasa, sannan na ji murya.

"Zo nan. Ina za ki gudu? A hannuna kika faɗo duniya. Zo in cinye ki."

Tsigar jikina ta tashi tun kafin ta fito. Da ta sunkuyo ta ƙofar bukkar, sai ga Inna. Sun ƙara mata baƙi har tana sheƙi, sun mayar da idanunta jajaye, sun ja haƙoranta sun yi tsini. Babu leshi, babu mayafi, furfurarta a waje, jikinta tsumma. Amma tsagar kumatunta ko layi ɗaya ba su taɓa ba. Tana riƙe da ƙwarya cike da wasu ƙananan haske masu motsi. Ta tsaya tana kallona ta cikin gilashin, sai ta ƙifta idon hagu kafin na dama, yadda Inna ke yi in tana son gane mai shigowa. A saman kanta an rubuta da manyan baƙaƙe, da Hausa: MAYYA.

Na ce, "Wa ya ba su wannan kalmar?"

Ya ce, "Ni ne. Tun da daɗewa suka tambaye ni yadda muke cewa. Na zaci wata daban za su zana."

"Ina mai hikimar?"

"Waɗanda suka gwada gem ɗin sun ce tsohuwa mai kirki ba ta da armashi. Suna son abin tsoro a wannan garin." Ya jawo kwamfutar gabansa. "Akwai saura, Murja. Amma sai na kashe ta sannan za mu wuce inda kike."

Ina zaune ina kallo ya sa yatsunsa ya shiga saran kakata. Sau uku tana faɗuwa tana tashi. Duk saran da ya yi sai ta yi dariya, dariyarta ta gaske, wadda na ɗauka ranar da wani jariri ya yi mata fitsari a zane. Ana cikin haka, daga tsakar gida, ta bayan labulen zaure, muryar nan dai ta ɗaga.

"Murja! Angona ne ya zo? A kai masa ruwa mana, kada ya ce na yi masa rowa."

Anwar ya rufe kwamfutar da sauri har ya datse yatsa. Muka yi tsit muna jin ƙarar takalminta tana jan shi ta wuce madafa.

Da ya sake buɗewa na ga kaina. Da ƙyar na gane. Sun wanke ni fes na koma fara, sun tsuke hancina, sun cire kitsona sun zubo wani gashi mai santsi har gadon baya. Kayan jikin kuwa ba zan iya kwatanta muku ba, ƙyalle biyu ne da igiya. Wai baƙar budurwa ba ta jan masu saye a talla. Abu biyu kawai suka bari nawa, wushiryata da ɗan tabon da ke girata ta dama. Ni an goge ni har babu mai gane ni, ita kuwa an bar ta yadda ko makaho zai shafa ya ce Inna Kande ce.

Anwar ya rubuta musu wasiƙa uku. Suka amsa cewa takardar da aka sa wa hannu ta ba su damar sauya duk abin da suka ga dama, suka kuma gode masa da kishinsa. A satin nan ma ake ta yaba musu a intanet, wai sun sa harshen Hausa a gem, sun tuna da Afirka.

Na yi ta addu'a abin ya tsaya can ƙasarsu. Kwana tara ya ɗauka ya iso shagon gem da ke bakin kasuwa. Wani ya ɗauki wurin bukkar da waya, daga nan bidiyon ya faɗa gurup ɗin matan unguwa. Ina ciki. Ina gani ya shigo, na ga sunayen waɗanda suka buɗe suna ƙaruwa, goma, ashirin, arba'in da ɗaya. Gurup ɗin da ko kaza ta ɓata sai an yi saƙo ɗari, ran nan babu wadda ta rubuta ko harafi.

Washegari na fita sayen kayan miya na ji abin a jikina. Matar da ke soya awara a bakin layi ta ganni, ta zaro ɗanta daga baya ta mayar da shi gaba ta lulluɓe. Gidajen da ƙofarsu ke wuni a buɗe duk an turo. Da muka fita da Inna gaisuwar rasuwa, muna wucewa na ji wata daga cikin soro ta ce a hankali, "Kurwata kur." Inna ba ta juya ba, amma na ga hannunta ya damƙe carbi.

Ku da kuke manyan birane wataƙila ku yi dariya. A nan ba abin dariya ba ne. In aka ce mace mayya ce, an ce tana kama kurwar mutane ta cinye, kuma an ce a nono ake sha. Wato Umma ta sha, ni ma na sha.

Kawu Sha'aban ya bi majalisa-majalisa yana rantsuwa cewa zanen kwamfuta ne, ƙarya ce irin ta fim. Malamin masallacinmu ma ya yi wa'azi a kan ƙazafi. Amma tambaya ɗaya ake wa Kawu, kuma ba shi da amsarta. Duk tsofaffin da ke Daura, ta yaya Bature da bai taɓa taka garin nan ba ya san fuskarta, ya san muryarta? Wasu suka ce na'ura tana ganin abin da ido ba ya gani. Kawu ya dawo gida ya jefar da hula a kan tabarma.

"Ni abin da ya ɗaure min kai ke nan. Inna, wa ya taɓa ɗaukar ki hoto irin wannan?"

Ina tsugune ina tankaɗe, rariyar ta tsaya a hannuna.

Inna ta ce, "Yo ni na sani? Kowane biki sai an haska min waya a ido."

Umma ta kira daga Mashi tana kuka, wai har can labarin ya kai, dangin Babanmu sun fara yi mata wani irin kallo. Ta ce, "Murjanatu, wannan yaron naki ba aikin kwamfuta yake ba? Ki tambaye shi mana, ko ya san yadda ake yi a cire." Na ce to. Kwana biyu bayan nan aka aiko daga gidan su Anwar cewa maganar sa rana a ɗan dakata, wai Hajiyarsa ba ta jin daɗi. Har shi kansa bai gaya mata hannunsa ne ya ɗauki hoton ba.

Na rubuta masa, "Zan faɗa wa Kawu gaskiya."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Sannan ya turo, "In kika ce mu muka ɗauka, za su koma su duba sauran. Za su ga budurwar da ke raka jarumin. Za su ga wushiryar."

"To sai me?"

"Hajiya za ta iya mantawa da jita-jita. Wannan hoton ba za ta manta ba har abada. Ki ba ni kwana kaɗan, ina neman wanda zai sa su cire. Ina son ki, Murja. Kada mu rasa komai gaba ɗaya."

Zan so in ce muku na zage shi. Ban zage shi ba. Sanyi ma na ji a raina, domin ya faɗi abin da nake so a faɗa min. Ina tsoron samarin shagon nan su tsayar da hoton su ƙura ido su ce, kai, wannan ba Murja jikar Inna ba ce? Ina tsoron hakan fiye da yadda nake tausayin tsohuwar da ta goya ni. Ga shi na rubuta, ku gani da idonku.

A satin aka yi haihuwa a gidan Madina, gida na uku daga namu. Mun ji guɗa da sassafe. Inna ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na aiki, ta sa tsumman gasa cibiya da man kaɗanya a 'yar jakarta, ta yafa mayafi ta zauna a kan kujera 'yar tsugune tana fuskantar ƙofa. Duk motsin da aka yi a zaure sai ta ɗaga kai. Hantsi ya yi, rana ta take, aka kira azahar. Sai ta tashi ta ninke mayafin ta mayar da jakar ƙarƙashin gado. Na bi ta ɗaki da kwanon fura, ta karɓa ta ajiye ba ta sha ba.

"Hoton nan da angona ya ɗauka ne ko?"

Na durƙusa. "Shi ne, Inna."

"Ke ma kina ciki?"

"Ina ciki."

"Da ɗankwali ko babu?"

Na sunkuyar da kai ina hawaye.

"An gane ki?"

"A'a."

Ta gyara zama. Sannan ta ce, "To ki ja bakinki ki yi shiru. Ni na yi aurena tun kafin a haifi uwarki. Tashi ki wanke fuska, kin yi muni."

Na tashi. Na karɓi wannan kyautar kamar yadda nake karɓar naman da take tsame min daga miyarta tun ina ƙarama, ban ko ce a'a ba.

Ranar Alhamis, sati biyu ke nan, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ina shanya a tsakar gida na ji ihu ta kan katanga. Muryar Haulatu ce. Kwana uku Ummi tana zazzaɓi, da safen ma sun je asibiti an yi mata allura. Yanzu yarinyar tana da shekara ɗaya da wata takwas, kullum a gidanmu take wuni kafin wannan abu, tana bin Inna tana jan zanenta. Kafin in ajiye bokiti an banko ƙofarmu. Haulatu ce a gaba, babu mayafi, ɗankwalinta a hannu, idanunta sun kumbura. Bayanta mijinta da surukarta da mata sun fi goma, maza kuma sun cika zaure.

"Inna! Inna, ki fito don girman Allah!"

Inna ta fito tana gyara ɗaurin zane. "Haulatu, lafiya? Jikin Ummin ne?"

"Ta sandare, Inna. Idonta ya kafe, ba ta motsi." Ta ɗaga wayarta. "Na saurara ya fi sau ɗari. Kukan da ke cikin bukkar nan kukan 'yata ne. Ni na haife ta, na san kukanta. Me ta yi miki? Ba ke kika yanke mata cibiya ba?"

Ta danna. A tsakiyar gidanmu, rana tsaka, ga Inna a tsaye bakinta a rufe, ga muryarta tana fita daga hannun Haulatu tana cewa zo in cinye ki, jaririya na kuka a bayanta. Mata suka ja da baya. Haulatu ba ta yi ƙarya ba. Kukan Ummi ne, ni na ɗauke shi daga cikin hijabina ranar da take kwana huɗu a duniya, Inna na juya ta a cikin ruwan ɗumi tana mata wasa.

Surukar Haulatu ta ce, "Kande, ba faɗa muka zo ba. Ki zo ki tsallake ta kawai, ki sakar mata kurwa. Babu mai taɓa ki."

Ga wanda bai sani ba, haka ake yi. In ana zargin mutum ya kama wani, sai a kwantar da majinyacin a ƙasa a sa shi ya tsallake shi. In ya ƙi kuma aka rasa ran, shi ya kashe. In ya tsallake majinyacin ya tashi, to magana ta tabbata, shi da zuriyarsa har jikoki.

Kawu Sha'aban ya ratso ta cikin maza ya tsaya a gaban uwarsa. "Wallahi ba za ta tsallake kowa ba! Ku mayar da yarinya asibiti! Uwata ta karɓi haihuwar rabinku, yau ita za ku yi wa wannan?"

Mijin Haulatu ya ce, "An tafi nemo mota, Sha'aban. Kafin ta zo fa? In ba ta da komai, me zai rage ta?"

Wayata tana cikin aljihun siket ɗina. Muryar asali tana ciki, da ranar da na ɗauka, da muryar Haulatu kanta tana dariya tana cewa Inna ki bar min ita kada ki cinye. Minti ɗaya ya isa. Na zaro ta. Saƙon Anwar ne a kan gilashin, wani ya riga ya gaya masa.

"Ina hanya. Kada ki ce komai sai na zo."

Na ɗaga kai, Inna tana kallona. Ta dubi wayar, ta dubi fuskata, ta girgiza kai kaɗan yadda babu wanda ya lura. Na buɗe baki. Na rantse muku na buɗe baki, amma na hango samarin shagon gem su uku a bakin zaure suna leƙe, sai na rufe bakina da hannu saboda wushiryata.

Inna ta dafa kafaɗar Kawu ta kawar da shi. "Matsa, Sha'aban. Haulatu hankalinta ya tashi, ba za ta iya riƙe 'yar a mota haka ba. Mu je."

Muka ɗunguma gidan Haulatu. An shimfiɗa Ummi a kan tabarma a inuwar rumfa, daga ita sai ɗan kamfai, da jigidar da Inna ta ɗaura mata a ƙugu. Jikinta a miƙe, haƙoranta a datse, idanunta a sama. Inna ta sunkuya za ta taɓa goshinta, surukar ta ce, "Kada ki taɓa. Tsallakewa kawai."

Inna ta miƙe. Ta cire takalmanta ta jera su a gefe. Ta tattare zanenta zuwa ƙwauri, ƙafafunta sirara duk jijiya. Gidan ya yi tsit har ina jin kukan tattabarun maƙwabta. Gwiwarta ta dama tana mata ciwo shekara da shekaru, ta miƙo hannu a riƙe ta, duk matan nan babu wadda ta matsa. Ni na kama ta. Tafin hannunta sanyi ƙalau.

Ta ce bismillahi, ta ɗaga ƙafa.

Abin da ya hana ni rubutu ke nan, jama'a. Lokacin da ƙafar kakata ke sama da yarinyar nan, na ji zuciyata tana addu'a ba da izinina ba. Cewa take, ya Allah kada ta farka yanzu. Ta farka a mota, ta farka a asibiti, ta farka gobe, amma ba yanzu ba. Yarinyar da nake goyawa, wadda ke ce min Muja, ita nake roƙa wa wannan, don dai kada in buɗe bakina.

Inna ta sauke ƙafa ɗaya, ta jawo ɗayar. Ta tsaya a wancan gefen tana haki, hannunta cikin nawa.

Babu abin da ya faru. Na ƙirga numfashina, ɗaya, biyu, har bakwai. Kawu ya buɗe baki zai yi magana.

Sai yatsun Ummi suka saki. Ƙirjinta ya ɗaga. Ta yi atishawa, ta juyo da idanunta, ta tsala kuka.

Haulatu ta fizge ta ta ƙanƙame ta ja baya har ta bugi bango, tana kallon Inna kamar yau ta fara ganin ta. Matan da ke kusa da mu suka dare. A gidan nan mun fi mutum talatin, kowa ya ga yarinyar da aka fid da rai ta dawo, kuma murya ɗaya ce kawai ta ce Alhamdulillahi, muryar Inna.